Haƙurin da Na Sa 'Yata Ta Yi

'Yar'uwa, in kina da ɗa ko 'ya da ke aiki a ƙarƙashin wani, ki tuna ranar da aka fara ba shi albashi. Me kika tambaye shi? Ni dai na san abin da na tambaya. Cewa na yi, "Nawa ne?" Da aka faɗa mini na yi hamdala, na sa aka soya waina aka raba wa maƙwabta sadaka. Daga ranar ban ƙara wata tambaya a kan aikin ba sai da aka kusa shekara biyu, kuma ko a lokacin ba don kaina na yi ba, ciwo ne ya tilasta ni.

A Balan nake zaune, cikin ƙaramar hukumar Gaya. In ba ki san wajen ba, ki kama hanyar Wudil daga Kano, ki haye gada, ki karya ta Gaya. Mu da mutanen Ajingi muna cin kasuwannin juna, muna auren juna. Noma muka sani: gero, dawa, wake, gyaɗa. Ni sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da ita na tallafa wa Malam muka yi ɗawainiyar karatun yara. Wadda zan ba ki labarinta 'yar fari ce, don haka kada ki jira jin sunanta daga bakina. Ta karanta ilimin kwamfuta a jami'ar Wudil, wadda yanzu ake kira da sunan Aliko Ɗangote, ta yi bautar ƙasa, ta dawo gida ta zauna wata tara tana taya ni tuyar ƙuli, takardar digirinta na ƙasan akwati. A farkon 2022 ƙanin babanta da ke zaune a Hotoro ya samo mata aiki a wani kamfanin tafiye-tafiye a cikin birni, ta koma gidansa da zama.

Da na ji "kamfanin tafiye-tafiye" sai na ɗauka masu kai mutane Umara ne. Suna taɓa wannan ɗin, amma ba da shi suka dogara ba. 'Yan kasuwa suke yi wa hidima: mutanen Kantin Kwari masu zuwa saro atamfa da shadda da leshi, masu waya na Farm Centre, masu kayan gini da kayan gyaran mota. Wani Dubai za shi, wani Alƙahira, wani Gwanzu ta ƙasar Sin. Sai kuma ma'aikatan kamfanoni da ƙungiyoyi masu zirga-zirga tsakanin Kano da Abuja da Legas. Kamfanin yana da manhaja a waya, mutum yana kwance a ɗakinsa zai zaɓi rana ya zaɓi jirgi. Amma a bayan manhajar akwai mutane, yarinyata kuma tana cikinsu. Ita ce ke zaune gaban kwamfuta tana shiga wani tsari da ake kira Amadeus, wanda ke haɗa masu sayar da tikiti da kamfanonin jiragen duniya. Ta kama kujera, ta yanke tikiti, ta nemi otal, ta canja rana in an fasa tafiya. In manhaja ta rikice, ita za a nema. In jirgi ya tashi ya bar Alhaji a Adis Ababa, ita za a nema.

Wannan na ƙarshen ban gane nauyinsa ba sai daga baya. Tsakaninmu da Gwanzu awa 7 ne. In ƙarfe 9 na safe ta yi a can, mu nan ƙarfe 2 na dare ne. Dubai kuma ta riga mu da awa 3. Mutumin da ya maƙale a filin jirgi ba ya duba agogon Kano kafin ya buga waya, kuma ban ga laifinsa ba. An ba ta wayar ofis, an ce kada ta kashe, dare da rana, Juma'a da Lahadi. Babu karɓa-karɓa, babu ladan ƙarin lokaci.

Da Babbar Sallah ta shekarar ta zo gida kwana biyu. Muna tsakar gida ana suyar nama, wayar nan ta yi ƙara. Ta miƙe da mai a hannu, ta tafi can jikin katanga inda sabis ya fi kamawa, ta tsaya kusan awa guda tana "Yi haƙuri Alhaji, yanzu zan duba." Kin san abin da na yi? Juyawa na yi na ce wa matan da ke wurin, "Daga Dubai ake kiranta." Da alfahari na faɗa. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta kama ni.

Gaskiya ɗaya ce, mai kamfanin shi ma ba a kan katifa yake kwance ba a shekarun nan. A watan Oktoba na 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Nijeriya biza, jirgin Emirates ma ya dakatar da zuwa, kasuwar Dubai ta mutu murus. Kuɗin kamfanonin jiragen waje suka maƙale a ƙasar nan saboda ƙarancin dala, har suka haura dala miliyan 800 a 2023, su kuma suka rufe tikiti masu rahusa, sai masu tsada. A farkon 2023 aka shiga wahalar takardun naira. Ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin man fetur ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Kafin shekara ta ƙare dala ta wuce naira 1,000 a Wapa. Duk wanda ke sayar da tikiti ya ji a jikinsa. Sai dai mutumin nan haushin kaza ya yi, ya huce a kan dami. Damin kuwa su ne yaran da ke zaune gaban kwamfuta.

Abin da zan faɗa miki yanzu, duk daga baya na ji shi.

Kowace Litinin da safe sai ya tara su ya ce, "Mu nan iyali ɗaya ne." Duk wata akan zaɓi gwarzon ma'aikaci, a yanka kek, a ɗauki hoto a sa a Facebook, kowa yana murmushi. Ni ma an nuna mini hoton da ita ta ci, na sa aka tura wa 'yan'uwa. A cikin wannan iyalin kuwa, babu wanda aka ba takardar ɗaukar aiki. Albashi ba shi da rana, wani watan a ƙarshensa, wani watan sai an shiga tsakiyar na gaba, kuma tambaya rashin kunya ce. Banɗaki ɗaya ne maza da mata, sau da yawa babu ruwa, don haka ta koyi ƙin shan ruwa da rana. Maza su tafi masallacin bakin titi, mata su shimfiɗa sallaya a bayan kabad ɗin takardu. In kwastoma ya ɗaga murya, manaja ba ya tambayar abin da ya faru, sai ya ɗora tasa a kan ta kwastoman, a gabansa. Suna da zaure a WhatsApp, duk wanda ya yi kuskure sai a sa hoton kuskuren da sunansa, kowa ya gani. Sannan a yanke masa albashi.

Kuskure a wannan aikin kuwa ba ya wuce harafi. Dole sunan da ke kan tikiti ya zo daidai da na fasfo. To, ke ma kin san halin sunayenmu in an rubuta su da boko. Wannan Muhammad, wancan Mohammed, wani Muhammed. Wani ya sa sunan uba a gaba, wani sunan gari. Alhajin Kwari ba shi ke rubuto sunan ba, yaron shagonsa ne ke turowa ta waya yadda ya ga dama. Amma akwai wata ƙofa da masu sana'ar suka sani: in aka yanke tikiti aka gano kuskure a ranar, kafin sha biyun dare, ana iya soke shi ba tare da asara ba. In rana ta juya, an shiga hukuncin kamfanin jirgi, wani ya gyara da tara, wani ya ce sai dai a sayi sabo.

Wata rana a cikin watan Oktoba na 2023, lokacin da 'yan kasuwa ke tururuwa zuwa babbar baje-kolin Gwanzu, ta yanke tikiti sun kai goma sha wani abu. Bayan isha'i, tana gida, ta sake duba na wani Alhaji, gabanta ya faɗi. Sunan bai yi daidai da fasfo ba. Saura awa uku da wani abu sha biyu ta buga. Soke tikiti sai da izinin manaja. Ta ɗauki waya, ta ajiye. Ta tuna abin da aka yi wa wata abokiyar aikinta mako biyu kafin nan, yadda aka zage ta har ta yi kuka a gaban mutane. Ta ce a ranta wataƙila ya wuce, ai wani lokacin ba sa dubawa sosai. Ta yi shiru.

Bai wuce ba. A filin jirgin Malam Aminu Kano aka dawo da Alhajin daga kan kanta, da jakarsa da 'yan rakiyarsa. Sai da aka saya masa sabon tikiti a farashin ranar. Aka ce za a riƙa cire rabin albashinta har wata shida.

A daren ne ta kira ni. Ba ta ba ni wannan labarin ba, ni ma ban nema ba. Cewa kawai ta yi, "Umma, ina so in bar aikin nan."

'Yar'uwa, kin san huɗubar da na yi mata, don ke ma kin haddace ta. Ita ce dai wadda muke yi wa amarya in ta yi yaji. Na ce mahaƙurci mawadaci. Na ce kowa kika gani a inuwa ya sha rana. Na ce masu digiri nawa ne ke yawo da takardu a Kano, ke Allah Ya ba ki za ki yi butulci. Na ce ki dubi idon baffanki da ya zubar da girmansa ya roƙa miki. Ta ce, "To, Umma." Muka yi sallama.

Akwai abin da ban faɗa mata ba, kuma ban faɗa wa kaina ba sai daga baya. Duk wata tana turo mana wani abu. Da shi muka sayi taki a daminar da buhu ya gagari mutane. Da shi ƙanenta ya biya kuɗin jarrabawa. Da na ce ta yi haƙuri, rabin haƙurin don ita ne, rabi don tukunyata. Ga kuma bakin mutane: a ce 'yar wance da ake kira daga Dubai ta dawo tuyar ƙuli? Ko da kuɗin da take turowa ya ragu a watannin da suka biyo baya, na ɗauka tsadar rayuwa ce. Ashe kusan duk abin da ya rage mata take turowa, ita kuma ta wuni da shayi da burodi, wani lokacin ta taka daga bakin titi don ta rage kuɗin adaidaita.

A watan Disamba matar baffanta ta kira ni da hantsi. Ta ce in taho, yarinyar ta faɗi a banɗaki, suna asibiti. Na hau babur zuwa Gaya, na shiga motar Wudil, daga nan na kama ta Kano, ban san yadda na isa ba. Likita ya ce gyambon ciki ne, ga jininta ya hau. Yarinya 'yar shekara 26 da hawan jini. Na zauna bakin gadon ina kallon wuyanta, na ga ƙashin da ban san da shi ba.

Can sai na ji ƙara daga ƙarƙashin filo. Wayar ofis ce, har asibiti ta zo da ita. Tana barci, sai na ɗauka. Muryar namiji ta ce, "Ke, tun safe ake nemanki, ina tikitin mutanen Alƙahira?" Na ce, "Mahaifiyarta ce. Tana kwance a asibiti, an sa mata ruwa." Ya yi ɗan jim, ya ce, "Ayya, Allah Ya sawwaƙe. Mama, in ta farka ki ce ta turo lambar sirrin kwamfutarta, aiki ya tsaya." Bai tambayi wane asibiti ba. Na kashe wayar gaba ɗaya, na jefa ta cikin jakata tare da goro.

Kin san yadda muke da 'ya'yan fari. Ba a jan su a jiki, ba a doguwar hira da su, in suna ciwo ma kakarsu ce ke nuna damuwa. Ban ce al'adar banza ce ba, da ita aka raine ni. Amma a daren nan na ajiye ta. Da ta farka na ce, "Faɗa mini yadda ranarki take a wurin nan, tun daga asuba har ki kwanta." Ta dube ni kamar ba ta san ni ba. Sannan ta fara. Sai da aka kira assalatu tana magana. Duk abin da na rubuta miki a sama, a wannan daren na ji shi.

Akwai ɗan yayata da ya karanta lauya, ya zo dubiya, na kwashe labarin na faɗa masa. Shi ya buɗe mini ido a kan abin da dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta tanada, musamman ga leburori da masu aikin akawu. Ya ce dole a ba ma'aikaci takarda mai bayanin aikinsa da albashinsa kafin ya wuce wata 3 da farawa. Ya ce ba a yarda mai aiki ya ci ma'aikaci tara don ra'ayin kansa ba. In ma asara aka jawo ta sakaci, sai da amincewar jami'in ƙwadago za a cire, kuma duk abin da za a cire a wata ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi. Ya ce mace tana da hutun haihuwa na mako 12, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata 6 tana aikin, in ta dawo kuma a ba ta rabin awa sau biyu a rana ta shayar. Ya ce akwai kotun ma'aikata a nan Kano.

Ba mu je kotun ba. Baffanta ya ce shi ya roƙi aikin, ba za a ja masa abin kunya ba. Malam ya ce a bar wa Allah. Ni ma, in gaya miki gaskiya, tsoro na ji. Aka mayar musu da wayarsu, albashin watan ƙarshe ya bi ruwa, na taho da 'yata Balan.

Wata huɗu ta yi a gida. A satin farko, in wayar wani ta yi ƙara da dare sai ta zabura. Na riƙa dama mata kunun gyaɗa, ban ce komai ba. Masu magana sun yi, na toshe kunne.

Abin mamaki, wasu daga cikin Alhazan Kwari suka riƙa neman lambarta ta wajen baffanta. Sun ce tun da ta tafi ba su ƙara samun wanda ke yi musu aiki da natsuwa ba. Wata abokiyar aikinta ta dā, ita wadda aka zaga a gaban mutane, ta riga ta koma wani kamfanin mai irin wannan sana'a, ita ce ta yi mata hanya. Da maganar ta zo a 2024, na ce ba inda za ta sai na ji amsar wasu tambayoyi. Za a ba ta takarda? Wace rana ake biya? Wa ke riƙe waya da dare? In ta yi kuskure me ake yi? Malam ya ce, "Ke za ki ɗauke su aiki ko su za su ɗauke ta?" Na ce ko ma dai wane ne.

Ba zan ce miki ta faɗa aljannar duniya ba. Albashin bai fi na can da wani abin kirki ba. Ko da aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yuli na 2024, dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma su ba su kai ba. In za a tura mutum horo Legas, maza ake fara tunawa. Akwai ɗan ƙanwar mai kamfanin da ke zuwa sanda ya ga dama, ba mai ce masa kanzil. Shugabar sashensu mace ce mai zafi, ba ta iya wasa ba.

Amma ita wannan mai zafin, a ranar farko ta zaunar da ita ta ce, "A nan kowa yana kuskure, har ni. Wanda ya faɗa kafin sha biyun dare, ba a cire masa ko kwabo, kuma ba mai jin labarin. Ki kira ni ko ina barci. Wanda ya ɓoye, shi ne muke da magana da shi." Ba a yanke tikiti sai an ga hoton fasfo, ba a karɓar sunan da aka rubuto da hannu. Kafin a danna, sai mutum na biyu ya karanta sunan harafi-harafi. Wayar dare tana zagayawa, mako ɗaya a wata ga kowa, wanda ya kwana da ita kuma ba ya zuwa sai azahar. Albashi ranar 28, in za a makara sai an sanar da su tun da wuri, da dalili.

Na yi ta juya maganar sha biyun daren nan a raina. A wancan kamfanin, tsoron manaja ne ya ci musu kuɗin tikitin Gwanzu sukutum. Da yarinyar tana iya ɗaga waya ta ce "na yi kuskure", da ko sisi ba a rasa ba, da Alhajin bai sha kunya a filin jirgi ba. Mutumin yana ganin tsawa ce ke tsare masa dukiya. Su waɗannan na biyun ban ce sun fi shi imani ba, ban shiga zuciyarsu ba. Lissafi dai sun fi shi. Kafin mutum ya ƙware a Amadeus sai an yi watanni ana koya masa, in ya tafi kuma da kwastomominsa yake tafiya, don ɗan kasuwa mutum yake bi, ba manhaja ba.

Akwai wani abu da suke yi da ya ba ni dariya da farko. Duk wata uku sai a turo musu tambayoyi a waya, ba a sa suna: me ke damunka a aikin nan, me za a gyara, za ka shawarci ɗan'uwanka ya zo ya yi aiki a nan? Na ce wannan ai tarko ne, wa zai faɗi gaskiya a kan mai ba shi abinci? Ta ce su ma haka suka zata, karon farko kowa ya rubuta lafiya lau. Sai a karo na biyu wani ya yi shahada ya rubuta maganar kuɗin mota. Ba a nemi wanda ya rubuta ba. Aka tara su aka karanta, aka ce daga yanzu kowa zai yi kwana biyu a mako yana aiki daga gida, kamfani zai sa masa data. Mata suka rubuta maganar wurin salla, aka kwashe kwalaye daga wani ɗan ɗaki aka shimfiɗa darduma. Suka rubuta ƙarin albashi, aka ce babu hali yanzu, aka nuna musu abin da ya shigo da abin da ya fita, aka ce a sake zama bayan wata shida. Ta ce mini, "Umma, ba duk abin da muka nema ake ba mu ba. Amma ana ba mu amsa."

Ta yi aure, ta haihu, ta yi mako 12 ɗinta cif, wankan jego ma a nan gabana ta yi shi. Da ta koma, kujerarta na nan.

Na san wata za ta ce, to Hajiya, duk wanda aka ɓata wa rai a wurin aiki sai ya tattara ya tafi? A wannan zamanin? Ban ce haka ba, kuma ba ni da bakin faɗa, ni da na ci kuɗin takin. Akwai wurin da haƙuri ne maganinsa, aiki ba gidan biki ba ne. Abin da ke ci mini rai shi ne na ba da maganin ban tambayi ciwon ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa daga Balan na yanke hukunci a kan ɗakin da ban taɓa leƙawa ba.

Saura abu ɗaya, shi ne wanda na fi jin nauyin rubutawa. Laifi tudu ne. Ina da mata uku da ke taya ni aikin gyaɗa: suya, surfe, kai niƙa, matsa. Tun da na fara sana'ar nan dokata ɗaya ce, wadda ta ƙona gyaɗa ko ta zubar da mai, a ladanta. Kuma ba a ɓoye nake faɗan ba, har maƙwabta suna ji. Akwai lokacin da wata mai saye a Gaya ta dawo mini da jarka guda, ta ce man yana ɗaci. Da na bincika, ashe ɗaya daga cikin matan ce ta ƙona kasko guda, ta juye a cikin mai kyau ta yi shiru. Na kira ta maha'inciya, na yi wata ban amsa gaisuwarta da daɗi ba. Bazawara ce mai 'ya'ya huɗu, ladan yini guda shi ne tuwon darensu.

Ina zaune ina sauraron 'yata tana ba ni labarin dokar sha biyun dare, sai matar nan ta faɗo mini a rai. Ban ce komai ba. Washegari na tara su na ce daga yau wadda ta ƙona ta faɗa nan take, ba zan cire ba. Suka dubi juna, ba wadda ta yarda. Sai da aka yi wajen mako uku, ina ɗaki ina lissafi, na ji sallama a bakin ƙofa, murya can ƙasa: "Hajiya, na ƙona." Wallahi bakina har ya buɗe, tsohon hali ya taso. Na haɗiye. Muka fita muka tsince, abin da ya lalace bai fi mudu biyu ba, muka ba awaki. Ba zan ɓoye miki ba, ɗaya daga cikinsu ta ɗan sake tun daga lokacin, sai ina sa ido, kuma har yanzu wataran nakan yi faɗa.

Ita 'yar tawa ban taɓa ce mata ta yafe mini ba. Na sha shirya maganar, in ta ɗaga waya sai in ji kaina ina tambayar ko jaririn ya daina tari. Ranar Juma'a mai zuwa akwai direban da zai shiga Kano. Na riga na ware mata jarka ɗaya ta matsar farko, da ƙuli mai yaji irin wanda take so.